Da bakina na karanta masa lambar, kuɗin adashi suka tafi, maigida kuma bai sani ba

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Tudun Wada, Kaduna. Ina sayar da atamfofi da leshi a gida, kuma ni ce uwar adashinmu, mu goma, kowa na zuba naira 40,000 duk wata. Makon jiya ƙanwar maigidana ta turo wani linki a gurup ɗinmu na dangi, wai tallafin gwamnati ne ga mata masu ƙananan sana'o'i. Na cike komai: suna, lambar waya, ranar haihuwa, BVN, lambar katin ATM har da lambar sirrinsa, wai don a tabbatar asusun nawa ne. Washegari bayan la'asar wani ya kira ni da Hausa raɗau, ya faɗi cikakken sunana da farkon lambar katina, ya ce daga banki yake, tallafi ya fito, in karanta masa lambar da za ta shigo wayata. Na karanta, sau ɗaya tak. Kafin magariba alat uku suka shigo: 200,000, sai 200,000, sai 185,000.

Da safe na je banki, aka toshe katin, aka ce in jira. Yau kwana huɗu. A cikin kuɗin, 400,000 na adashi ne, mai ɗaukar wannan watan kuma saura sati uku bikin 'yarta. Ita ce ta shida a layi, ni ce ta tara. Maigida bai sani ba, don ya sha hana ni danna irin waɗannan abubuwa. Zuciyata tana zargin mai POS ɗin layinmu, wanda nake aika yara da katin wurinsa. Wani kuma a Facebook ya ce zai dawo min da kuɗin idan na biya shi 30,000. Ba na iya barci, Anti. Yaya zan yi?

Wata baiwar Allah, Tudun Wada

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya mayar miki da alheri, ya sanyaya zuciyarki. Za mu zo kan maganar maigida da 'yan adashi, amma akwai abin da ya tsaya min a rai cikin wasiƙarki, kuma ba zai jira ba.

Kin ce lamba ɗaya kika karanta, amma sau uku aka cire kuɗi. Da sayayya aka yi da katinki a intanet, yawanci kowace cira sai ta nemi sabuwar lambar OTP, wato lambar amfani sau ɗaya da banki ke turowa waya, irin wadda kika karanta masa. Lamba ɗaya ta buɗe ƙofar cira uku, wannan ya fi kama da cewa sun yi amfani da ita ne suka ɗora manhajar bankinki a kan tasu wayar, tunda kin riga kin ba su lambar kati da lambar sirri a fom ɗin. Idan haka ne, toshe katin da aka yi bai rufe komai ba. An kulle taga ne, ɓarawo kuwa yana riƙe da makullin ƙofar gida. Duk wadda ta turo miki kuɗin atamfa a wannan asusun yau, hannunsu za su iya faɗawa. Don haka tun yanzu ki daina ba kowa wannan lambar asusun, ki sanar da waɗanda kike bi bashi cewa su dakata. Gobe da sassafe ki koma banki, ki wuce teburin da ake karɓar kati, ki ce a haɗa ki da masu kula da matsalar damfara. Tun 2015 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya wajabta wa bankuna su tanadi irin wannan sashe. Ki faɗa musu ƙarara cewa kina so a rufe manhaja, a rufe hanyar tura kuɗi ta danna lambobi a waya, a cire duk wayar da aka ɗora asusun a kanta, sannan a duba ko an canza lambar waya ko imel ɗin da alat ke zuwa. Bayan haka a ba ki sabon kati, ki zaɓi sabbin lambobin sirri waɗanda ba shekarar haihuwarki ba, ba ƙarshen lambar wayarki ba. Idan kina da wani asusun a wani banki ko a manhajar karɓar kuɗi, kuma lambar sirri ɗaya kike sa musu kamar yadda yawancinmu ke yi, su ma ki canza a daren nan.

Kalmar "ki jira" da aka faɗa miki ba ta isa ba, don ƙorafin baki ba ya barin sawu. Ki rubuta takarda, ko ki sa a rubuta miki, mai ɗauke da sunanki, lambar asusu, ranar da abin ya faru, lokacin kowace cira da adadinta, da lambar wayar da aka kira ki da ita. Kada ki ɓoye cewa ke kika karanta lambar. Na'urarsu ta riga ta nuna musu, ɓoyewar kuwa za ta sa su yi shakkar sauran maganarki. Ki yi kwafi biyu, su buga wa naki hatimi da kwanan wata, su kuma ba ki lambar bin sawun ƙorafi. Ki nemi takardar da ke nuna shige da ficen kuɗin asusun na wannan watan, ki roƙi su nuna miki bankin da aka tura kowane kuɗi, sunan mai asusun, da doguwar lambar shaida da kowace tiransfa ke ɗauke da ita. Da wannan lambar ce bankinki zai tuntuɓi bankin da ya karɓa ya nemi a daskarar da asusun, abin da ma'aikatan banki ke kira PND, wato kuɗi na iya shiga amma ba sa fita. Saƙonnin alat, saƙon da lambar ta zo a ciki, linkin nan, da jerin kiran da ke wayarki, duk ki ɗauki hotonsu ki adana. Kada haushi ya sa ki goge ko ɗaya.

Ba zan yi miki daɗin baki ba, ƙanwata. Waɗannan mutane ba sa barin kuɗi su kwana wuri ɗaya. Cikin 'yan mintoci suke rarraba su zuwa asusun mutanen da suka ara ko suka saya, daga nan a cire a wurin masu POS daban-daban. Shi ya sa sa'o'in farko suka fi komai tsada, kwana huɗu kuwa lokaci ne mai tsawo a wannan harka. Banki kuma zai tsaya a kan cewa ke kika ba da lambar da hannunki. Duk da haka akan yi dace a tarar da ragowa a ɗaya daga cikin asusun, kuma ko an daskarar, sau da yawa sai an kawo umarnin kotu kafin a dawo da su. Saboda haka ki kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa da ke ki karɓi takardar shaida, sannan ki kai rubutaccen ƙorafi ofishin EFCC na shiyyar Kaduna, tare da kwafin duk takardun nan. Ba a biyan ko kwabo don shigar da ƙorafi a can. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan irin wannan damfara, ba alfarma kike nema ba. Idan sati biyu suka cika bankinki bai ba ki gamsasshiyar amsa ba, kina da damar ɗaukaka maganar zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN, kuma reshensu na Kaduna da ke titin Yakubu Gowon yana karɓar takarda. Abu na farko da za su nema shi ne shaidar cewa kin fara kai kuka bankinki, kin ga amfanin hatimin nan ke nan. Ki bi duk waɗannan da gaske, amma ki tsara rayuwarki kamar kuɗin ba za su dawo ba. In sun dawo, alhamdu lillahi.

Shi kuwa na Facebook, ki toshe shi yau. Ana kukan targaɗe ne yake so ya kawo karaya. Babu wani mutum a bayan waya da zai iya shiga na'urar banki ya juyo da kuɗi, banki da kotu kaɗai ke da wannan ikon. In kin ba shi 30,000 zai ce saura kuɗin lauya, daga nan saura na wani abu, har sai kin gaji. Ba mamaki ma abokin waɗanda suka fara ne, don sunan wanda aka taɓa cuta yakan zagaya a tsakaninsu. Ki sa ran wasu kiraye-kirayen a makonnin nan: wani zai ce daga EFCC yake, wani daga CBN, an kama ɓarayinki, ki karanto lamba a mayar miki da kuɗinki. Tatsuniya ɗaya ce aka sauya mata riga.

Sai maganar mai POS. Na fahimci dalilin da ya sa zuciyarki ta tafi wurinsa: wanda ya kira ki ya san sunanki da farkon lambar katinki, kika ga dole na kusa ne. To amma ki tuna ke da kanki kika rubuta waɗannan abubuwa a fom kwana ɗaya kafin kiran. Ko ba fom ma, duk wanda ya san lambar asusunki yana iya ganin cikakken sunanki idan ya yi kamar zai turo miki kuɗi, lambobi shida na farkon kati kuwa ba naki ba ne ke kaɗai, na banki ne da nau'in katin, dubban mutane suna da irinsu. Takardar da za ki karɓo ita ce za ta raba gardama, don kowace cira tana nuna hanyar da aka bi: manhaja ce, intanet ne, ko injin POS. Idan ta nuna manhaja, yaron nan ba shi da hannu a abin da kike da hujja a kai. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle a unguwa irin taku inda magana ɗaya a gidan suna za ta iya kashe wa mutum sana'a. Amma fa aika yara da kati da lambar sirri, wannan ki bar shi har abada. Ba sai mai POS ya zama macuci ba, ya isa a ce wani na tsaye a gefe yana kallon yatsun yaro.

Ƙanwar maigidanki ma ba ta cuce ki da gangan ba. An tsara irin waɗannan shafukan ne yadda sai ka tura wa gurup biyar ko mutum goma kafin wai a karɓi fom ɗinka, shi ya sa suke zuwa ta hannun waɗanda muka yarda da su. Kusan tabbas ita ma ta cike. Ki kira ta yau, ba don faɗa ba, don ta je ta toshe nata katin, kuma a yi shela a gurup ɗin cewa duk wadda ta cike ta yi haka. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Shirun da kike yi don kunya yana iya jawo wa wata a danginku irin abin da ya same ki.

Wannan ya kawo mu ga maigida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ƙanwata. Gidan 'yan sanda, EFCC, watakila kotu, duk kina buƙatar izininsa da rakiyarsa, kuma magana da mata tara suka sani ba za ta kwana biyu ba ta kai kunnensa ba. Ɓacin ran da zai yi idan ya ji daga bakinki ƙarami ne a kan wanda zai yi idan ya tsinta a majalisa. Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, yara sun kwanta. Ki fara da amsa laifinki ba tare da kwana-kwana ba: ya gargaɗe ki, ba ki ji ba, ga abin da ya faru, ga adadin, ga matakan da kika ɗauka, ga inda kike neman taimakonsa. Kada ki buɗe da sunan ƙanwarsa, don zai ji kamar kina jingina wa danginsa laifi, sai maganar ta koma wata. Idan ya yi faɗa ki bar shi ya sauke, yana da gaskiyarsa. In kuwa kin san mutum ne mai zafin da kike jin tsoro, ki fara sanar da wanda yake jin nauyi, yayansa ko mahaifiyarsa, a faɗa masa a gabansu. Ke kuma ki sassauta wa kanki. Wanda ya kira ki wannan ce sana'arsa, ya yi wa mutane da yawa kafin ke, cikinsu har da masu digiri da ma'aikatan ofis.

Adashin ne ya fi hana ki barci, na sani, kuma a nan ne nake ganin mafita ta fi kusa. Abin da malamai suke karantarwa shi ne wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta ba da sakacinsa ba, amma idan da sakaci yana biya. Ki tambayi malamin da kika yarda da shi, sai dai ni a ganina, tunda da hannunki lambar ta fita, kuma kin haɗa kuɗin mutane da na kasuwancinki a asusu ɗaya, ki ɗauke shi a matsayin bashi a wuyanki. Hakan ne zai tsare miki mutunci. Ga kuma sa'ar da kika yi: ba ki ɗauki naki ba tukuna. Ki ce musu a lissafa 400,000 ɗin da suka ɓata a matsayin ɗaukarki, ki ci gaba da zubin 40,000 har a gama. Ta shida, ta bakwai da ta takwas kowacce za ta matsa da wata ɗaya, ta goma kuwa lokacinta bai motsa ba. Babu wadda ta yi asarar ko sisi, jinkiri ne kawai. Matsalar da ta rage ita ce uwar amarya, wadda ba za ta iya jiran wata guda ba. Ita za ki fara samu, ke da ita, da takardar banki mai hatimi a hannunki, kafin sauran su ji. Sannan ki roƙi waɗanda suke da hali su kawo zubin wata mai zuwa da wuri. Ko mutum biyar suka amsa, an sami 200,000. Ragowar ki haɗa daga karyar da farashin wasu atamfofi da abin da maigida ko 'yan'uwa za su ranta miki. Abin da ban yarda ki kusanta ba shi ne manhajojin ba da rance na waya. Ruwan da suke ɗorawa da ɗan gajeren wa'adinsu za su mayar da ramin ya zama rijiya, wasunsu kuma in an makara sai su bi lambobin da ke wayar mutum suna tozarta shi. Za a sami wadda za ta yi gunaguni, har da mai cewa kin ci ne kin ƙirƙiro labari. Ki bar takardu su yi miki magana.

Akwai sauran abin da ke hannun ɓarayin: BVN ɗinki da ranar haihuwa da lambar waya. BVN lamba ce guda 11 da ke tare da mutum har abada, ba a sauya ta kamar kati. Ita kaɗai ba ta cire kuɗi, amma ana iya gwada karɓar rance ko buɗe asusu da ita. Idan saƙon wani rance da ba ki nema ba ya shigo, kada ki share, ki kai wa banki da 'yan sanda a ƙara a kan rahotonki. Layin wayarki kuma ki tsare shi kamar katin kansa, don duk lambobin OTP ta nan suke zuwa. Ki sa wa sim ɗin lambar sirri a cikin saitin waya, amma ki nemo lambar PUK da ke jikin katin da sim ya zo a ciki kafin ki fara, don kuskure uku yana kulle shi, sai da PUK ɗin ake buɗewa. Ki danna ##002# don soke duk wata karkatar da kira da aka yi ba da saninki ba. Ranar da kika ga sabis ya ɗauke a wayarki ke kaɗai alhali na kusa da ke suna da shi, kada ki ce matsalar netwok ce, ki tafi ofishin kamfanin layin a ranar, don haka ake gane an yi wa mutum sabon sim a bayan idonsa. Idan kamfanin bai saurare ki ba, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, tana karɓar ƙorafi kyauta a 622. WhatsApp ɗinki ma ki kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu.

Don gaba, ba sai kin zama masaniyar kwamfuta ba. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai nemi lambar sirrinki, ko OTP, ko lambobi uku na bayan kati, ko a waya ko a gaban teburinsa. Kuma mai son ya turo miki kuɗi, lambar asusu kawai yake buƙata. Duk wanda ya nemi fiye da haka, cira yake so ya yi. Da kin karanta saƙon da lambar ta zo a ciki har ƙarshe, da wataƙila kin ga gargaɗin kada a faɗa wa kowa, shi ya sa suke riƙe mutum a waya suna azalzalarsa don kada ya samu sukunin karantawa. Gaggawa ita ce alamarsu: za a rufe asusunki yau, tallafi zai ƙare da ƙarfe shida. Tun da CBN ya ba da umarni a Disambar 2023 cewa a haɗa asusu da BVN ko NIN suka samu abin tsoratar da mutane da shi. In an kira ki, ki kashe, ki kira lambar da ke bayan katinki ko ki taka zuwa reshe. Kada ki yarda da sunan da manhajar gano mai kira ta nuna, kowa na iya sa wa layinsa sunan banki, haka ma shafukan Facebook masu tambarin banki da ke tsalle su amsa wa duk wanda ya yi ƙorafi a fili. Shafukan gwamnatin Najeriya da .gov.ng suke ƙarewa, hoton tuta ko na shugaban ƙasa a saman shafi kuwa kowa na iya liƙawa. Tunda 'yar kasuwa ce ke, ki ƙara da wannan: saƙon alat ko hoton rasit ba shaida ba ne, sai kin buɗe manhaja kin ga kuɗin sun hau kafin kaya su bar hannunki.

Idan 'yan adashi suka bar riƙon a hannunki, kuma ina kyautata zaton za su bari in kin je musu da gaskiya, ki buɗe masa asusu na daban wanda ba shi da kati, ba ya kan manhaja, kuma sai mutum biyu sun sa hannu kafin a cire. A naki asusun ki sa a rage iyakar abin da za a iya turawa a rana zuwa daidai cinikinki. Da iyakar tana kan 100,000, da yanzu wani lissafin muke yi. Ki kuma tambayi bankinki lambar toshe asusu ta gaggawa, wadda ake iya dannawa ko a wayar maƙwabciya. Bankuna da dama tasu tana ƙarewa da 911, kamar *894*911# na First Bank ko *966*911# na Zenith. Ki rubuta ta bankinki a takarda ki liƙa a bayan ƙofar ɗaki, ki nuna wa maigida da babban yaronki inda take.

Yau da dare maigida da ƙanwarsa, gobe da safe banki, da yamma gidan uwar amarya. Ki ci abinci kafin ki fita, layin banki yana da tsawo. Allah ya rufa asiri, ya sa a yi bikin lafiya.